Firizar Yaya Ta Daina Kuka

Akwai wani mai gyaran firiza da firji da kowa ke kira Minti Biyar. Ainihin sunansa ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Duk wanda ya kira shi a waya amsa ɗaya yake samu: "Minti biyar ina nan." Sai ka yi wanka, ka ci abinci, har ka ɗan kishingiɗa, kafin ka ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofa.

Kada ku ɗauka bai iya aiki ba. Wallahi ya iya. Tun daga bakin ƙofa yake gane ciwon firiza da kunne, kafin ya ajiye akwatin kayan aiki. Matsalarsa ɗaya ce, ba shi da zama. Wayoyinsa biyu, ɗaya a aljihu ɗaya a kunne. A tsaye yake shan shayi, a kan babur yake ƙarasa burodi. Matarsa takan ce kujerar falonsu har yau ba ta san nauyinsa ba.

Yana da 'yar uwa guda, yayarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kama hannunsa ta kai shi wurin koyon sana'a. Shi yana kiranta Yaya, har unguwa ta ɗauka, kowa Yaya. Ita kuwa ba ta taɓa ce masa Minti Biyar ba. Auta take ce masa, ko da furfura ta fara leƙowa a gemunsa.

Yaya tana da ɗan shago a bakin titi, tana sayar da daskararrun kaji da kifi da askirim. Rabin shagon firiza ce ta cinye shi, doguwa mai ƙofofin gilashi biyu, wadda mai saye ke hango kaya tun daga waje. A samanta akwai ɗan allo mai jar lamba da ke nuna ƙarfin sanyi. In lafiya lau take, mainos sha takwas za ka gani.

Shagon ba wani babba ba ne, amma Yaya tana da abin da manyan shaguna ba su da shi. A unguwar nan, in aka ce kazar daga wurin Yaya ta fito, uwar gida ba ta kai ta hanci kafin ta sa a tukunya. Shekara da shekaru ta yi tana gina wannan suna, kuma ba ta da wani jari da ya wuce shi.

Wata safiya firizar ta fara kuka. Ƙara ce siririya, tit, tit, tit, mai shiga har cikin haƙori. Lambar ta hau zuwa mainos shida, tana ƙiftawa, wasu haruffa suna biyo bayanta.

Yaya ta kira Auta.

"Minti biyar ina nan, Yaya."

Bai zo ba. Washegari ta sake kira, ya ce yana hanya. Kun san halin mai sana'a da 'yan uwansa. Aikin bare ake fara yi, na gida ya jira, tunda na gida ba zai yi fushi ya tafi wani wuri ba.

Ranar da ya zo, da waya a kunne ya shigo. Wani babban kanti ne ke jiransa, sun kira shi duba ɗakin sanyinsu, kuma ya daɗe yana neman hanyar shiga wurinsu. Ya gaida Yaya da kai, ya ɗaga ido ya dubi allon. Kallo ɗaya ya gane ciwon.

Bari in ɗan yi muku bayani, don labarin ya zauna. Irin wannan firiza tana da ƙwaƙwalwa, ɗan akwati ne a bayan allon nan. Ƙwaƙwalwar ba ta da ido. Wasu 'yan wayoyi biyu masu ƙaramin kai, da ake kira sensa, su ke ba ta labari. Ta farko tana rataye a cikin iska, kusa da kaya, tana gaya mata yawan sanyin da kaya ke samu. Ta biyu tana bayan murfin ciki, manne da bututun sanyi, ita ke faɗa mata ko ƙanƙarar da ke taruwa a wurin ta narke. Duk abin da suka ce, shi ƙwaƙwalwa ke yarda da shi, ta kunna inji ko ta kashe.

Sensa ta biyu ce ta mutu. Ƙanƙara ta yi ta taruwa a kan bututun har ta toshe hanyar iska. Fanka na juyawa, amma sanyi ba ya isa wurin kaya.

Minti Biyar ya san gyaran sarai. A kwashe kaya, a kashe firiza, a cire murfi, a narkar da ƙanƙara a hankali, a gwada sensa da mita, a sa sabuwa. Aikin rabin yini ne, ga shi ko sabuwar sensar bai zo da ita ba. Wayarsa ta sake ruri a aljihu.

"Auta, babban abu ne?" in ji Yaya.

"Ina! Ƙaramin abu ne, Yaya. Ba ni wuri."

Ya danna maɓallan allon da sauri, ya shiga cikin ƙwaƙwalwar, ya ce mata ta daina sauraron sensa ta biyu. Haruffan suka ɓace. Sannan ya buɗe ƙofar gilashi, ya zura hannu ta bayan kajin, ya ciro sensa ta farko daga maratayinta, ya cusa kanta ta wata 'yar kafa har cikin ƙanƙarar da ke bayan murfi.

Lamba ta fara sauka. Mainos tara, mainos sha uku, sha shida. Da ta kai sha takwas, kukan ya ɗauke. Shagon ya yi tsit.

Yaya ta tafa hannu. "Kai, Allah ya yi maka albarka! Kwana biyu kaina kamar zai tsage. Zauna in kawo maka ruwa."

"Ana jirana. Gobe zan dawo in ƙara dubawa."

Har ga Allah, da niyyar dawowa ya faɗa. A ransa cewa ya yi, kwana ɗaya ba zai ɓata komai ba. Sai dai ya san abin da ya bari a bayansa. Ƙwaƙwalwar yanzu ƙanƙara take ji, ta ɗauka ko'ina haka yake, don haka za ta riƙa kashe inji da wuri. Kayan da suke neman ƙarin sanyi, ragi za su samu.

Goben ta zo, babban kanti ya riƙe shi. Jibi wani otal ya kira. Ya dai tsaya a shagon kayan gyara ya sayi sabuwar sensa, ya jefa a aljihun riga. Duk sanda ya sa hannu zai ciro waya sai ya taɓo ta, ya ce yau da yamma. Da yamma kuma wani ya kira.

Abin ya fara cin sa. In hanya ta biyo da shi ta titin Yaya, sai ya karkata ta bayan layi. Yana tsakiyar aiki a wani wuri sai ya ji kamar tit, tit, tit a kunnensa, ya waiga, babu komai. Matarsa ta lura abinci ma ba ya ƙarasawa.

"Baban yara, ka leƙa Yaya kuwa? Ta kira ni tana ta murna."

"Murnar me?"

"Hajiyar gidan abincin nan na kan kwana ta ba ta odar kaji. Ta ce in ta ga kyan kayan, daga wurinta za ta riƙa saye kullum. Yaya ta ce ta cika firizar maƙil."

Cokali ya tsaya masa a hannu. Ya miƙe, ya zagaya falon, ya ɗauki makullin babur, ya ajiye. Ya ce a ransa, in ya je yanzu ya ce a kwashe kaya, dole Yaya ta tambayi dalili. Me zai ce mata? Gara ya bari a kai odar, firiza ta yi sauƙi, sai ya je ya gyara a natse, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Haka mutum yake yi wa kansa wayo, ya kuma ji daɗin dabarar.

Kiran Yaya ya same shi a saman tsani, yana ɗaure bututu a babban kantin. 

"Auta, duk abin da kake yi ka bari ka zo."

Wannan karon bai ce minti biyar ba. Ya sauko, ya bar sufana a kan tsanin, ya hau babur.

Tun daga nesa ya hango mutane a ƙofar shagon. A ƙasa ga kwalaye biyu na kajin odar da aka dawo da su a buɗe, ruwa ja-ja yana tsatsowa ta gindinsu, ƙuda sun fara taruwa. Hajiyar gidan abinci na tsaye ta toshe hanci da gefen mayafi. Gefe guda ga Baba mai kaji, dattijon da ke kawo wa Yaya kaya da motarsa mai sanyi tun ranar da ta buɗe shago.

Minti Biyar bai taɓa jin Yaya ta ɗaga murya a kan babba ba sai ranar.

"Baba, ka ji tsoron Allah! Shekara nawa muna tare? Ni za ka kawo wa kajin da suka narke aka sake daskarar da su?"

"'Yata, kajin nan da na sauke su kamar dutse suke. Ke da kanki kika ƙwanƙwasa."

"To a ina suka lalace? Dubi can!" Ta nuna allon da yatsa. "Karanta da idonka. Mainos sha takwas! Ko na minti ɗaya ba ta motsa ba. Ƙanina ne ya gyara ta da hannunsa."

Sai ta hango shi. Fuskarta ta saki, kamar wadda mai cetonta ya iso.

"Yawwa, ga shi nan. Auta, faɗa musu. Firizar nan da matsala?"

Duk ido ya dawo kansa. Maƙwabta, masu wucewa, Hajiya, da dattijon da ke kallonsa da ido irin na mai neman a faɗi gaskiya a sallame shi.  Yana jin sabuwar sensar tana tokarar ƙirjinsa ta cikin aljihu.

"Lamba dai... ga ta nan kowa yana gani," in ji shi.

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Irin maganar nan ce da matsoraci ke yi don ya samu abin kare kansa daga baya. Amma kowa a wurin eh ya ji.

Baba mai kaji ya sunkuyar da kai. Sannan ya gyara hularsa.

"Shi ke nan. Ni ban iya karatun inji ba. Allah ya san abin da na sauke."

Ya shiga motarsa ya ja a hankali. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ni ba ruwana da wanda ya yi laifi a cikinku. Da mai girkina bai shinshina ba, da yau mutane na kwantar a asibiti. Don an ce mini kayanki ba a dubawa na zo. To na duba."

Ta tafi. Masu kallo suka watse suna ƙus-ƙus, kowa da abin da zai kai gida.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ɗaura zane a kan rigarta, ta fara fito da sauran kayan firizar ɗaya bayan ɗaya. Ta danna kaza da yatsa, yatsan ya shige. Askirim ya zama kamar madara a cikin roba. Duk ta tara a buhu, ta ce ko kyauta ba za ta bai wa kowa ba.

"Ka ga har askirim ɗina kajinsa suka lalata mini," in ji ta.

Ko yaro ya san kaza ba ta narkar da askirim. Amma Yaya ta fi yarda da lambar Auta a kan abin da yatsanta ya taɓa. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

"Bari in ɗan duba cikinta tunda ta zama fanko," ya ce, ba tare da ya kalle ta ba.

"Duba, Auta. Ni bari in kai wannan bola."

Da ta fita, ya durƙusa ya kwance sukurorin murfin ciki. Sukuro ɗaya ya faɗi ya gangara ƙarƙashin firiza. Murfin ya ƙi fita, sai da ya girgiza shi. Abin da ya gani a baya ya wuce yadda ya bari. Bututun gaba ɗaya ya nutse a cikin ƙanƙara, curi guda, fari fat, har ta fara cin bakin fanka. Ga kan sensar nan a tsakiya, daram inda ya cusa ta.

Dabara ta zo masa nan take. Ya ce a ransa, bari ya narkar da ƙanƙarar, ya sa sabuwar sensa, ya mai da ta farko mazauninta, ya rufe. Kafin la'asar firiza za ta dawo garau, lamba ta zama gaskiya, magana ta mutu. Ya tashi ya jona abin busa iska mai zafi, ya kashe. Ya leƙa titi, ya dawo. Ya ɗauki mita, ya ajiye.

Yaya ta shigo tana wanke hannu da ruwan roba. Ta tsaya a bayan kantar shagon, ta ɗauki wayarta.

"Auta, yaya ake tura hoto a zauren nan namu na waya na masu shaguna? Na ɗauki hoton kajin da na lambar. So nake kowa ya san irin kayan da Baba ke kawowa, kada ya cuci wani kamar yadda ya cuce ni."

Minti Biyar ya ji kamar an watsa masa ruwan ƙanƙarar a baya. Masu shagunan nan su ne duk cinikin dattijon.

"Yaya, dakata."

"In dakata me? Sunana ya zube a titi yau. In ban nuna inda abin ya fito ba, wa zai sake sayen ko fiffike a wurina?"

"Ajiye wayar. Zo ki ga wani abu."

Ta zagayo. Ta ga ƙanƙarar ta riƙe baki. "Wannan kuma daga ina?"

 Ya sa filaya ya fasa gefen ƙanƙarar, ya zaro sensar, ya mai da ita maratayinta na asali a cikin iska, ya rufe ƙofar gilashin.

"Kalli allon."

Suka tsaya suna kallo. Sha takwas ta koma sha biyar. Sha ɗaya. Bakwai. Ta ci gaba da hawa har ta tsaya a mainos biyu. Jim kaɗan ƙarar nan ta dawo, tit, tit, tit, ta cika shagon.

"Wannan shi ne sanyin da kayanki ke samu," in ji shi. "Wayar nan ita ke gaya wa firiza gaskiya. Nan ne wurinta."

"To wa ya kai ta cikin ƙanƙara?"

"Ni."

Yaya ta dube shi kamar bai yi Hausa ba.

"Ranar da na zo ban gyara komai ba, Yaya. Sauri nake yi. Na rufe mata baki ne kawai, na ce gobe in dawo. Kajin Baba lafiyarsu ƙalau. A nan suka lalace."

"Ka san haka ɗazu? Da na tambaye ka a gaban mutane?"

"Na sani."

Ya so ta zage shi. Ya so ta ɗauki tsintsiya ta rufe shi da duka kamar lokacin da yake yaro. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jawo kujerar roba ta zauna, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Ƙarar na ta yi, ba wanda ya kashe ta.

"Kajin ba su dame ni ba," ta ce daga baya, a hankali. "Hajiya ma ta tafi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Amma ka tsaya kana kallo na ci mutuncin sa'an ubana a bakin titi. Mutumin da ya yi mini ta'aziyyar mijina da hawaye. Ka bar ni na kira shi macuci, kai kuma kana tsaye."

"Yaya, ki yafe mini."

"Tashi ka tayar da babur."

"Bari in ƙarasa gyaran tukuna, yanzu zan..."

"Kashe ta. Babu abin da ya rage a ciki da zai lalace. Kai ni wurin Baba."

Ya zare filogi, ƙarar ta mutu. Ta kulle shagon, ta hau bayan babur. Tun da ya sayi babur, in ya ɗauke ta kafaɗarsa take dafawa tana yi masa faɗan gudu. Ranar ƙarfen baya ta riƙe har suka isa.

Sun sami Baba mai kaji a bakin ma'ajiyarsa yana wanke cikin mota da tiyo. Da ya gan su ya kashe ruwan. Minti Biyar ya yunƙura zai yi magana, Yaya ta ɗaga masa hannu.

"Bakina ne ya faɗa, bakina zai janye."

Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen simintin, zanenta na shan ruwa. "Baba, na zalunce ka. Kayanka lafiya suke. Firizata ce ta lalace ban sani ba. A gaban mutane na ci fuskarka, kuma a gabansu zan je in wanke ka."

Ba ta ambaci Auta ba. Ko a wannan hali rufa masa asiri take yi, kuma hakan ya fi zagi zafi. Ya kasa jurewa, ya durƙusa a gefenta ya faɗi komai, tun daga ranar da ya cusa wayar.

Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ya ce wa Yaya ta tashi, ya yafe, ai 'ya ba ta laifi a wurin uba sau ɗaya a kore ta. Sannan ya juya ga Minti Biyar.

"Ni da na dawo, motar nan na yi ta bincike. Na ce ko ni ne tsufa ya sa na daina lura. Har na fara tunanin ajiye sana'ar, kada in kashe wani." Ya ɗauki tiyonsa. "Ka je, ɗana. Allah ya shirye mu."

Washegari Minti Biyar ya yi aikin yadda ake yinsa. Ya narkar da sauran ƙanƙarar da ruwan ɗumi, ya gwada tsohuwar sensar da mita ya tabbatar ta mutu, ya tsoma sabuwar a kofin ruwan ƙanƙara ya ga ta nuna daidai kafin ya ɗaura. Ya kunna wa ƙwaƙwalwar kunnenta na biyu, ya zauna ya jira firizar ta narkar da ƙanƙararta da kanta ta koma aiki. Duk abin bai wuce zuwa azahar ba.

Yaya ta bi shago shago ta wanke Baba mai kaji. Ta je wurin Hajiya ma. Hajiya ta ce ta ji, ta kuma yaba da gaskiyarta, amma ta riga ta yi magana da wani. Masu saye sun dawo sannu a hankali. Sai dai yanzu akwai matan da ke danna kaza da yatsa a gaban Yaya kafin su karɓa, ita kuma ta kau da kai kamar ba ta gani ba.

Tsakaninta da Auta ba a yi gaba ba. Tana aika wa 'ya'yansa askirim, tana kiransa in wani abu ya taso a dangi. Har ya fara jin cewa komai ya koma daidai.

Bayan 'yan watanni, wata rana ya biyo ta titin da niyyar gaishe ta. A ƙofar shagon ya ga wani babur da akwatin kayan aiki a baya. Ya leƙa. Wani mai gyara ne da bai sani ba, ya durƙusa gaban firizar yana canza robar ƙofa.

Yaya ta taso da fara'arta. "A'a, Auta ne? Shigo mana. Yaya yaran?"

"Lafiya lau. Yaya, me ya samu firizar? Ai da kin kira ni."

"Ba wani abu ba ne, roba ce ta saki." Ta jawo masa kujera, ta goge ta da gefen zane. "Zauna ka huta. Kai ƙanina ne, ka zo gaisuwa. Bar shi ya yi aikinsa."

Ya zauna. Mai gyaran ya waigo ya ce, "Malam, don Allah ɗan matsa da ƙafarka." Ya matsa.

Darasi: Kada ka rufe bakin matsala ka ce ka gyara ta, domin tana nan tana girma a inda ba a gani, kuma wanda ya yarda da kai ne zai kwashi asarar. Mai sana'a, aikin ɗan uwanka ya fi cancantar natsuwarka, don shi ba ya bincikar aikinka, maganarka kawai yake riƙewa. In ka yi kuskure, faɗe shi tun yana ƙarami, kafin a ɗora shi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Za a iya yafe maka, amma ba lallai a sake miƙa maka amana ba. Ku tura wannan labari ga duk mai sana'ar hannu da kuka sani, da duk wanda ke ce wa na gida "gobe".